Shafi na Sittin da Uku

Da hantsi Aina'u ta sauka a tashar Ɗambatta, goye da 'yarta Ummu, tana jan wata jaka da ta fi ƙarfin hannu ɗaya. Rabin jakar kayan yarinyar ne. Sauran rabin kuwa kundin digirinta na uku ne a fannin lissafi, shafi ɗari da arba'in, wanda za ta tsaya ta kare a jami'a nan da mako uku. Yaye ta kawo. Mahaifiyarta, Inna Hure, ta aiko cewa a kawo mata yarinyar tun kafin girbin gero ya kankama, hannun kowa ya cika.

Mahaifinta, Malam Nababa, yana bakin tasha a kan babur ɗinsa. Ya ɗaure jakar a gaba, suka kama hanyar Tsamiyar Mati. Gonaki ne haɗe da juna hagu da dama, gero ya fi mutum tsawo, gyaɗa ta rufe ƙasa, babu inda aka bari ko taku goma ba a shuka ba. Duk wanda suka gamu da shi sai Malam Nababa ya rage gudu.

"Ga Daktar nan ta iso!"

"Baba, ba a ba ni ba tukuna," in ji ta daga baya.

"Ai an gama, saura shelar. Kin ga ragon da na ɗaure kuwa? Ki bari mu isa."

Rago kam yana nan a gindin darbejiya, fari tas, yana cin harawa. Inna Hure ta karɓi Ummu tun daga zaure, ta juya ta, ta duba haƙoranta, ta ce yarinya ta isa yaye har ta wuce.

Washegari bayan azahar Aina'u ta ce za ta tsallaka rafi ta gaida Malam Aaron a Unguwar Shago. Shi ya koyar da ita lissafi a sakandaren 'yammata. Tana aji uku ya lura ba ta tsayawa a kan amsa, sai ta tambayi dalili, ya riƙa ba ta tsofaffin littattafansa tana tafiya da su hutu. Shi ya cike mata takardar jarrabawar makarantar kimiyya da hannunsa. Yanzu ya yi ritaya ya koma noma a gidan kakanninsa, inda yawancin mutanen unguwar Kirista ne. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai dishi-dishi, yana jiran a kira shi a yi masa aiki a asibiti.

Ta same shi a rumfar ƙofar ɗakinsa, matarsa Keziah tana ɓare gyaɗa a gefe. Muryarta kawai ya ji ya gane ta.

"Aina'u Nababa, layi na biyu kusa da taga! Shigo, shigo."

Bayan gaisuwa da tambayar mutanen birni, ya gyara zama ya ce, "To, shekara huɗu kina abu ɗaya. Faɗa mini mene ne. Kada ki yi mini Turancin jami'a, ni tsohon malamin aji ne."

Aina'u ta duba gefe. Akwai lemo a kwano, da ƙwan zabi guda uku da Keziah ta ajiye a ƙwarya. Ta ɗauki lemo ɗaya ta sa masa a hannu.

"Malam, ɗora babban yatsanka a duk inda ka so. Yanzu ka juya lemon rabin zagaye, yatsan yana nan inda yake. Abin da yake gabas da yatsanka ya koma yamma, nisan bai canza ba. Na kudu ya koma arewa. Shi lemon fa, ya sauya kama?"

"Yana nan yadda yake."

"Sauya wa yatsan wuri ka sake."

Ya sake sau biyu. Sai ta karɓe lemon ta ba shi ƙwai. Ya gwada a kan tsinin, ya yi. Ya gwada a gefe, ya ji tsini ya koma inda gindi yake, ya yi dariya.

"Wannan ya ƙi."

"To sararin da yake kamar lemo, wanda a kowane wuri ka tsaya za ka iya juya komai ta bayanka bai ɓaci ba, shi muke kira sarari mai daidaito. Duk juye-juyen da za a yi masa ya koma mazauninsa, in aka tara su wuri ɗaya, su ne rukuninsa. Rukunin Li ake ce musu, da sunan wanda ya fara nazarinsu. In ka san rukunin, ka san sararin."

Ta ci gaba da yi masa bayani. Irin waɗanda take aiki a kansu dangi huɗu ne, lemo yana cikin na farko, sannan akwai wani guda ɗaya tilo wanda ba shi da dangi. A bayan lemo hanya biyu kawai mutum yake da ita, gabas da yamma ko kudu da arewa. A cikin tilon nan hanyoyin goma sha shida ne, ba wanda zai iya zana shi, sai dai a bi shi da lissafi, da wasu lambobi masu gaɓa takwas. Aikinta a kan alwatika ne: in an zana alwatika biyu a irin wannan sarari, ta yaya za a gane ko iri ɗaya ne? Tsawon gefuna uku ba ya isa kamar a kan allo, sai an ƙara wani awo na huɗu. A dangi huɗun, wasu sun riga sun yi mafi yawan aikin. Abin da ta kawo sabo shi ne babi na huɗu, inda ta shigar da tilon.

"Karanta mini babi na huɗun," in ji shi.

"Malam, shafi talatin ne."

"Ina zan je? Gonar ma Keziah ta hana ni, wai ina cire gyaɗa da sunan ciyawa."

Sai ta dawo da kundin washegari. Ya kishingiɗa a kujerarsa ya rufe ido, ta fara karantawa. Ba a yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Ba na ganin takardar. In kin zo kan baka, ki faɗa da baki, yadda muke yi a aji. Buɗe baka, rufe baka."

Haka ta riƙa yi. Wurare da yawa ya ce bai gane ba, ta wuce kawai, ya yarda da ita. Wani wurin ya tsayar da ita ya ce ta maimaita. A shafi na sittin da ɗaya aka zo inda ake ninka lambobin kusurwa uku na alwatikar.

"Buɗe baka, x sau y, rufe baka, sau z."

"A irin lambobin nan, x sau y daidai yake da y sau x?"

"A'a, ba daidai ba ne. Na kula da wannan, Malam. Ko sau ɗaya ban sauya musu layi ba."

"Madalla. Ci gaba."

Keziah ta kawo musu dafaffiyar gyaɗa a faranti. Aina'u ta wuce shafi na sittin da biyu, ta shiga na sittin da uku.

"Saboda haka, x sau, buɗe baka, y sau z, rufe baka..."

"Tsaya." Ya buɗe idonsa mai ɗan gani. "Ɗazu bakan yana kan biyun farko. Yanzu ya koma kan biyun ƙarshe. Wa ya ɗauke shi?"

"Ai duk ɗaya ne, Malam. Biyu sau uku shida, sau huɗu ashirin da huɗu. Uku sau huɗu sha biyu, sau..."

Ba ta ƙarasa ba.

"A aji ɗaya duk ɗaya ne," ya ce a hankali. "Na dai ji kin ce lambobin tilon nan ba irin namu ba ne, shi ya sa na tambaya."

Aina'u ta san amsar tun shekararta ta farko a digiri na biyu. Abu na farko da ake faɗa wa kowa game da lambobi masu gaɓa takwas ke nan: baka ba ya matsawa. Ta koma shafi na sittin da biyu, ta ga inda abin ya faru. Hujjar babi na uku ta bi sawu da sawu, inda lambobin masu gaɓa huɗu ne kuma baka ba ya hana komai. A tsakiyar shafin ta rubuta haruffan uku a jere babu baka, da ta zo mayar da shi sai ta mayar da shi inda ya fi mata sauƙi. Shekara guda da rabi ke nan. Duk abin da ya biyo baya a kan layin nan yake tsaye.

Ta rufe kundin ta ɗora a cinya.

"Ko na yi ɓarna?" in ji Malam Aaron.

"A'a, Malam."

"Muryarki ta ce na yi."

Keziah ta dubi mijinta, ta dubi Aina'u. "Kai dai ba ka iya jin abu ka yi shiru. Yarinya ta zo gaishe ka."

Aina'u ta yi musu sallama da wuri. A hanya ta riƙa gaya wa kanta wataƙila a wannan wurin bambancin zai share kansa, irin haka tana faruwa. Da gari ya waye ta zauna a zauren mahaifinta da takarda, ta zaɓi lambobi uku mafi sauƙi, ta ninka su ta hagu, ta ninka su ta dama. Amsa ɗaya ta fito da alamar tarawa, ɗaya da alamar ɗebewa. Ta sake da wasu ukun. Haka dai.

Nan Malam Nababa ya same ta da ya dawo daga kewayen gona. Ta gaya masa yadda zai gane: akwai kuskure a aikin, kuma a wurin da ya fi muhimmanci.

Ya zauna a kan dakali, ya cire hularsa ya riƙe. "Shi malamin naki na jami'a ya gani?"

"Ya karanta, bai gani ba. Ya sa hannu."

"Waɗanda za su yi miki tambayoyin fa?"

"Wataƙila su gani, wataƙila ba za su gani ba. Layi ɗaya ne cikin shafi ɗari da arba'in."

Ya daɗe yana juya hular. "To ba za a bari a gama ba, daga baya ki gyara abinki a natse? Ni ban san aikinku ba. Amma na ga ana rufa ɗaki a shiga, in damina ta nuna inda yake zuba a toshe."

"Baba, ba zuba yake ba. Ban san ko akwai ɗakin ba ma. Abin da na ce na tabbatar, ban tabbatar ba. In na tsaya gaban mutane na ce na yi, na san ban yi ba."

"Na gaya wa mutane ranar," ya ce, ba ita yake kallo ba. "Har 'yan'uwanmu na Zakirai na aika wa."

Ya tashi ya shiga gida.

Waya ba ta kamawa sosai a cikin gari, sai an hau tudun da ke bayan makarantar firamare. Can ta je ta tsaya, ta daɗe tana kallon lambar Farfesa Muhammadu Sani, wanda yake duba aikinta, kafin ta danna. Ta gaya masa shafi da layi. Ta ji ƙarar buɗe takardu.

"Innalillahi," ya ce. "Sau uku na karanta shafin nan. Wa ya gano?"

"Malamina na sakandare."

"Wace jami'a yake yanzu?"

"Yana gida, Farfesa. Noma yake."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta jin daɗi ba. Sannan ya shimfiɗa mata zaɓi biyu. Za ta iya cire babi na huɗu gaba ɗaya, ta kare sauran a ranar da aka sa. Zai wuce, amma ita ma ta san abin da zai rage ba shi da yawa. Ko kuma ya nemi a ɗaga mata zuwa zama na gaba, wata uku ke nan, ta gwada gyarawa. In ba ta samu ba, a koma zaɓin farko, an yi asarar wata uku.

"Kina ganin maganar gaskiya ce, hujjar ce kawai ta karye?"

"Ina jin gaskiya ce. Ban sani ba."

"To wanne kika ɗauka?"

"A ɗaga."

Ta kira mijinta Munir, wanda yake aikin jinya a wani asibiti a Kano. Ya saurare ta har ta gama, da kukan da ta riƙe tun jiya. Ya ce in ta dawo birni, makarantar da take koyarwa na wucin gadi za ta cinye mata lokaci, ga baƙi, ga wutar da ba ta zama. Ta zauna can tukuna, zai riƙa zuwa duk ranar da ba ya aiki.

Matsalar ita ce yaye. Inna Hure ta ce muddin yarinyar tana ganin uwarta tana wucewa a tsakar gida, ba za ta haƙura da nono ba. "Ki ɓace mata tun safe, kada ki dawo sai ta ci tuwonta ta yi barci." Da Keziah ta ji, sai ta aiko cewa ɗakin 'yarsu da ta yi aure yana nan a rufe, akwai tebur, akwai fitila da wurin cajin waya na hasken rana.

Ranar farko Aina'u ta ɗauki jakarta za ta tafi a ƙafa. Ta fito ta tarar da mahaifinta a ƙofar gida ya riga ya tayar da babur. Kwana biyu bai yi mata wata doguwar magana ba.

"Hau," ya ce. "Rafin ya kawo ruwa, sai an zaga ta gada."

Tun daga ranar shi yake kai ta da safe, ya ɗauko ta bayan isha'i. Keziah ta share ɗakin, ta ajiye mata buta da sabuwar tabarma a kusurwar gabas, ba tare da an tambaye ta ba. Makon farko ƙirjin Aina'u ya cika ya yi tauri har ba ta iya sunkuyawa kan tebur. Keziah ta riƙa dafa mata ruwa tana gasa mata da tsumma, tana ba ta labarin yayen 'ya'yanta shida ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya fi ba ta wahala.

Aikin kuwa bai motsa ba. Dabararta ta farko ita ce ta bi lissafin da ƙarfi: ta buɗe kowace lamba gaɓa takwas, ta ninka, ta ga ko ɓarnar da bakan ya yi za ta share kanta a ƙarshe. Ta cika littafin rubutu biyu. Aka yanke gero, aka jera dammuna a gonaki, tana nan. Ranar kwana goma sha ɗaya ta ga kamar ya fita, har ta fito tsakar gida da takardar a hannu. Tana karanta wa Malam Aaron da baki ta ji inda ta sake yin kuskuren nan dai, a ɓoye cikin wani layi. Ta koma ɗaki ta kifa kai a tebur.

Malam Aaron ba ya shiga ɗakin. Kullum bayan la'asar dai takan fito ta zauna a rumfa ta gaya masa inda ta kai, ko da ba ta kai ko'ina ba. Yakan ce kashi ɗaya cikin goma yake ganewa. Wata rana, cikin mako na uku, ta gama zayyana masa lissafin da ya ƙi ƙarewa, ya ce:

"Ni akwai abin da yake damuna, wataƙila rashin sani ne. Ranar farko kin cika mini kunne da rukuni. Kin ce in ka san rukunin ka san sararin. To mako uku ke nan ban ji kin ambace shi ba. Lambobi kawai nake ji. Ina aikinsa?"

Ta buɗe baki za ta ce ba a nan ake amfani da shi ba, sai ta fasa. A babi na uku ba ta buƙace shi ba, domin lambobin suna da ladabi, shi ya sa a na huɗu ma ba ta neme shi ba.

Ta tashi ta ɗauko gawayi a murhun Keziah, ta zana alwatika a bayan wani tsohon faifai, ta daɗe tana kallonta. Lambobi masu gaɓa takwas sai sun kai uku suke rigima. In biyu ne kaɗai, duk yadda aka ninka su aka sake ninkawa, baka yana matsawa lafiya, wannan sananne ne tun da daɗewa. Ita kuma kusurwa uku gare ta, ba ta da ikon jefar da ɗaya. Amma sararin mai daidaito ne. Ba dole ta auna alwatikar a inda ta same ta ba. Tana iya ɗaukarta da juye-juyen rukunin, ta kai kusurwa ɗaya wurin da lambarta za ta zama ɗaya tak, irin ɗayan da kowa ya sani. Saura biyu.

"Malam," ta ce, "in na matsar da ita fa?"

Ta yi masa bayani da sauri har yana cewa ta rage gudu. Da ta gama ya ce, "To an gama ke nan?"

"A'a. Sai na nuna awon nan na huɗu ba ya canzawa in an matsar da alwatikar. In yana canzawa, na auna wata ce daban."

"Wannan mai wuya ne?"

"Shi ne aikin duka."

Ya kuwa ci mata mako biyar. Sai da ta sake fassara awon ta hanyar da babu ninkin lambobi uku a ciki sam, ta koma ta karanta rukunin tilon, wanda da can ta ratsa shi a gurguje. Farfesa ya riƙa turo mata takardu ta waya, tana hawa tudu ta sauke su. Sau biyu ya mayar mata da abin da ta tura da jan rubutu. Munir yana zuwa da takardun rubutu da biro da kifi soyayye. Aka cire gyaɗa, wake ya bushe, dawa ta fara sunkuyar da kai. Ummu ta saba da tuwo da kunu har Inna Hure ta sassauta dokarta, ta ce uwar na iya dawowa da la'asar in ta so.

Malam Nababa bai sake tayar da maganar ranar da ya sanar ba. Wata safiya dai, suna kan gada, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Mutanen Zakirai sun aiko suna tambaya. Na ce musu ke kika gano gyara a aikinki kika ce a dakata."

"Malam Aaron ne ya gano, Baba."

"Shi ya gano. Ke kika ce a dakata."

Ranar da ta gama, ba ta fito da gudu ba. Ta bar shi ya kwana biyu, ta sake bi layi-layi, sannan ta karanta wa Malam Aaron sabon babin gaba ɗaya cikin yini biyu, tana faɗar kowane baka. Ya fi tsohon gajarta da shafi tara. Ya tsayar da ita sau goma sha wani abu, kowane karo tana da amsa. Da ta kai layin ƙarshe, sai ya ce wa Keziah ta kama zakaran nan mai yawan cara, ta kai wa Mati mahauci ya yanka yadda baƙuwarsu za ta ci.

Aina'u ta ce za ta sa sunansa tare da nata a takardar da za a fitar daga babin. Ya ƙi ƙememe.

"In aka tambaye ni abin da ke ciki na ce me? Tambaya biyu na yi, kuma duk don ban gane ba ne. Ki dai rubuta cewa kin karanta wa wani tsoho."

Farfesa ya riƙe babin kwana goma. Saƙon da ya turo gajere ne: ya bi shi da fensir, ya ba wani abokin aikinsa ma ya bi, ta shirya.

An yi zaman ne wata Laraba, a wani ɗaki a hawa na biyu na sashen lissafi. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a mace ce mai furfura, ba ta murmushi. Ta bar sauran babobin ga abokan zamanta, ta buɗe na huɗu kai tsaye. Ta ce an turo mata kundin farko tun kafin a ɗaga zaman, ta kuma ja layi a ƙarƙashin wani wuri a shafi na sittin da uku, tana jiran ranar. Sai ga wani kundin ya zo.

"Me ya faru tsakanin biyun?"

Aina'u ta gaya mata yadda aka yi, ba ta rage komai ba. Matar ta sa ta hau allo ta sake hujjar daga farko, ba takarda a hannu. Minti arba'in tana rubutu, alli ya ɓata mata gefen hijabi. Da ta ajiye allin, matar ta tambaye ta ko ta duba irin wannan sararin da ba ya rufewa kamar lemo, wanda yake buɗewa har abada. Aina'u ta ce ba ta duba ba tukuna.

"Ki duba. Ina jin hanyarki za ta bi can. In kin fara ki rubuto mini."

Aka ce ta fita ta jira. Ba a yi minti goma ba aka kira ta.

Malam Nababa ya biyo motar farko daga Ɗambatta, ya ƙi hawa bene. Yana zaune da Munir a kan benci a inuwar wata bishiya, ya sa babbar rigarsa ta sallah. Da ya hango ta ya miƙe.

"Yaya?"

"An ba ni, Baba. Saura 'yan gyare-gyare."

Fuskarsa ta canza. "Gyara kuma?"

Munir ya fashe da dariya. Ta ce waƙafi ne da aya, da sunan wani littafi da ta rubuta ba daidai ba, aikin yini ɗaya. Sai da ta rantse masa sannan ya koma ya zauna, ya share ido da hannun riga, yana ta alhamdu lillahi.

Ta kira Unguwar Shago. Keziah ce ta ɗauka, ta ce Malam yana wajen sussukar dawa, ya ƙi zama a gida, wai ko ba ya gani yana jin in an bar tsaba a zangarniya. Da ta ji labarin ta rangaɗa guɗa har sai da Aina'u ta janye wayar daga kunne. Sannan ta ce kada ta kashe, ga ta nan za ta kai masa. Aina'u ta tsaya riƙe da wayar, tana jin takun Keziah da hakinta, da gaisuwar da take amsawa a hanya, da bugun sanduna yana matsowa.